CINIKI TA WAYA: MA'ANARSA, ASALINSA, DA ABIN DA YA RAGE MANA

Daga Wakilinmu na Arewa, Nangere

'Yan'uwa mazauna Kurmi, na Agege da Mile 12 da Idi-Araba, na Sabon Badun da Shagamu, har zuwa Anaca da Fatakwal. Maganar da zan kawo muku a wannan mako ta shafi aljihun kowa, babba da yaro, mai shayi da mai tirela. Ita ce maganar ciniki ta waya, watau saye da sayarwa da biyan kuɗi ta hanyar na'ura, ba tare da mai saye ya ga mai sayarwa ba, ba kuma tare da kuɗi sun taɓa hannun kowa ba.

Mutanenmu sun rabu gida biyu a kan wannan al'amari. Akwai masu cewa cinikin biri a sama ne, ba ruwansu da shi, su dai a ƙirga musu kuɗinsu su ji ɗuminsu a hannu. Akwai kuma waɗanda suka rungume shi ido rufe, duk wanda ya turo musu hoto da lambar asusu sai su tura masa kuɗi. Ni a ganina duka biyun akwai gyara. Abin da nake so in nuna shi ne, wannan ciniki ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe da maƙwabtansa, domin kakanninmu sun yi irinsa tun ba a san lantarki ba. Abin da ya canza shi ne saurin saƙo. Abin da ke neman ɓacewa kuwa shi ne lamuni, kuma idan muka bari ya ɓace mu ne za mu fi kowa asara.

MENE NE SHI?

Kowane ciniki a duniya ƙafa huɗu gare shi. Na farko labari: me kake da shi, nawa ne, a ina yake. Na biyu yarjejeniya: an taya, an sallama. Na uku biyan kuɗi. Na huɗu miƙa kaya. A kasuwar ƙauye duka huɗun a wuri ɗaya ake yin su, a kuma lokaci ɗaya. To, idan aka ɗauki uku na farko aka ɗora su a kan waya ko kwamfuta, shi ne ake kira ciniki ta na'ura. Na huɗun kuwa yana nan yadda yake, domin har gobe sa ba ya bi ta cikin waya, sai an yi masa lodi a mota, direba ya kwana a hanya.

Masana sun raba abin kashi biyu. Akwai saye da sayarwa kurum ta intanet. Akwai kuma abin da ya fi wannan faɗi, watau tafiyar da sana'a gaba ɗayanta ta na'ura: rubuta bashi, lissafin kayan da suka rage a sito, biyan yaran shago, neman mota, sanin inda motar ta kai, da biyan haraji. Wannan na biyun shi ne kamfanin IBM na Amurka ya laƙaba wa suna ya kuma yayata shi a tallace-tallacensa wajen 1997. Saboda haka mai sayar da wake a Dawasa da ya aika hoton buhunansa ta WhatsApp zuwa Mile 12, aka daidaita farashi, aka turo masa kuɗi ta asusu, ya yi na farkon. Idan kuma yana ajiye lissafin masu bin sa da waɗanda yake bi a cikin wayar, yana biyan 'yan dako da direba ta nan, to ya shiga na biyun, ko ya san sunansa ko bai sani ba.

DAGA INA YA FITO?

Mutane da yawa suna zaton abin ya fara ne da wayar salula. Ba haka ba ne. Tushensa yana komawa ga matsalar takardun kaya. A 1948, da Rashawa suka toshe hanyoyin shiga yammacin birnin Balin na Jamus, sai Amurka da Ingila suka riƙa kai wa mutanen birnin abinci da gawayi ta jiragen sama, har zuwa 1949. Kayan sun haura tan miliyan biyu, kuma kowane jirgi da irin takardarsa. Wani sojan Amurka mai suna Edward Guilbert yana cikin waɗanda suka tsara wa takardun lodi fasali guda, yadda za a iya aika bayanin kaya ta waya kafin jirgi ya sauka. Bayan ya bar soja, shi da wasu suka kai wannan dabara ga kamfanonin sufuri, har a 1968 kamfanonin jiragen ƙasa da na ruwa da na manyan motoci a Amurka suka kafa kwamiti don kwamfutocinsu su riƙa musayar takardun kaya a tsakaninsu. Watau 'yan sufuri ne suka fara buɗe wannan hanya, abin da ya kamata ya faranta wa mutanen Potiskum rai, tun da garinsu ya yi suna a harkar tirela.

Bankuna suka biyo baya. A 1973 suka kafa ƙungiyar SWIFT a ƙasar Beljiyam don aika saƙon biyan kuɗi daga wannan ƙasa zuwa waccan. A 1979 wani Baturen Ingila, Michael Aldrich, ya haɗa akwatin talabijin da kwamfuta ta layin tarho, don mutum ya yi odar kaya daga ɗakinsa. A 1984, a garin Gateshead, wata tsohuwa mai shekara 72 ta yi amfani da wannan na'ura ta sayi ƙwai da wasu kayan karin kumallo daga kantin Tesco, aka kawo mata har gida, sa'an nan ta biya kuɗi hannu. Ku lura da wannan, jama'a: ko a can, sai da kaya suka iso aka biya. Faransa ma ta fito da tata na'urar mai suna Minitel a 1982, mutane suna sayen tikitin jirgin ƙasa da ita.

Babban juyi ya zo ne bayan da Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro tsarin shafukan intanet a 1989, aka buɗe shi ga kowa a 1991. Kamfanin Amazon ya fara sayar da littattafai ta intanet a 1995, a shekarar ce kuma eBay ya buɗe kasuwar gwanjo. A 1999 wani malamin makaranta a ƙasar Sin, Jack Ma, ya kafa Alibaba don haɗa masu masana'antu da 'yan sari na ƙasashen waje. A nan Afirka kuwa, Kenya ce ta nuna cewa talaka ma yana da rabo, da kamfanin Safaricom ya fito da M-Pesa a 2007, mutum ya aika kuɗi ƙauye da ƙaramar waya ko da ba shi da asusun banki.

KAKANNINMU SUN RIGA SU

Yanzu bari mu dawo gida. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sun san wahalar ɗaukar kuɗi, domin a zamanin wuri, keso guda wuri dubu ashirin ne, kaya ne na ɗan dako sukutum. Saboda haka tun a lokacin aka dogara da bashi, da wasiƙar ajami, da amintaccen mai masauki a kowane zango.

Wannan tsari shi ne ya riƙe cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu. Wani Bature masani, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Badun a 1962 da 1963 yana nazarin yadda abin ke tafiya. Ya tarar mai shanu yana saukowa daga Arewa ya sauka a gidan mai gida, dillalan mai gidan su sayar wa mahauta shanun bashi, shi kuma mai gidan ya tsaya a matsayin lamuni. Idan mahauci ya ci kuɗi, mai gida ne zai biya daga aljihunsa, domin in bai biya ba sunansa ya ɓaci daga Badun har Barno, ba wanda zai sake sauka a gidansa. Labarin farashi kuwa yana yawo ta wasiƙa da talgiram da bakin direbobi. Iyayenmu da suka yi ci-rani a waɗannan shekaru za su tuna da aika kuɗi ta gidan waya, ko a ƙulle su a tsumma a ba ɗan gari mai komawa gida.

Malamanmu ma ba su bar wannan babi a buɗe ba. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu an halatta sayar da abin da ba ya nan idan an siffanta shi sosai, an kuma halatta sayen dilar kaya bisa takardar da ta bayyana abin da ke ciki, da sharaɗin idan kaya suka saɓa wa siffa mai saye yana da ikon mayarwa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani kuwa a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Ashe ke nan ba a hana ciniki daga nesa ba, ƙa'ida aka gindaya masa: siffa ta gaskiya, rubutu, da shaida.

YADDA YA SHIGO NIJERIYA

Kafin 2001 layukan tarho a duk faɗin ƙasar nan ba su kai rabin miliyan ba, kuma yawancinsu a manyan birane suke. A watan Agusta na 2001 kamfanonin wayar salula suka fara aiki. A 2002 aka kafa Interswitch, wanda ya haɗa na'urorin cirar kuɗi na bankuna daban-daban. A 2011 aka fara tsarin tura kuɗi nan take daga wannan banki zuwa wancan. A watan Janairu na 2012 Babban Bankin Nijeriya ya fara gwajin rage amfani da tsabar kuɗi a Ikko, a shekarar ce kuma Jumia da Konga suka buɗe. Har wa yau a 2012 ne Ma'aikatar Gona ta Tarayya, a ƙarƙashin Akinwumi Adesina, ta fara aika wa manoma saƙon takin zamani ta waya, wanda ga manoma da yawa a ƙauyukanmu shi ne karo na farko da waya ta zama takardar karɓar kaya. A 2013 aka ba da izinin wakilan banki, waɗanda muke kira masu POS. A 2014 aka fito da lambar BVN. Daga baya OPay da Moniepoint da PalmPay suka cika kasuwanni.

Amma abin da ya tura kowa cikin ruwan, da wanda ya iya iyo da wanda bai iya ba, shi ne canjin kuɗi. A watan Oktoba na 2022 Gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar sake fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000. A farkon 2023 tsabar kuɗi ta ɓace, mutane suka kwana a bakin bankuna, har sai da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi. A waɗannan watanni makiyayi da manomi sun sha wuya ƙwarai, domin mai tsabar kuɗi a hannu shi ke yanka farashi yadda ya ga dama. Amma tun daga lokacin tsoho da tsohuwa suka san kalmar tiransifa.

ABIN DA MUKA SAMU

Kada mu yi butulci, an samu alheri. Kasuwar shanu ta Potiskum, wadda ke ci ranar Laraba, tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma, kuma mutanen Nangere, daga Kukuri da Degubi da Watinani da Chilariye, nan suke kai dabbobinsu. Bari mu yi ɗan lissafi. A ce falke ya sayi shanu 30, kowane a kan Naira dubu 800. Kuɗin ya kama Naira miliyan 24. Takardar kuɗi mafi girma a ƙasar nan ita ce ta Naira 1,000, wadda aka fito da ita a 2005. Ke nan sai ya ɗauko takarda dubu 24, watau bandir 240, ya ratso da su tafiyar fiye da kilomita dubu daga Ikko. Wane ɓarawo ne ba zai ji ƙanshinsu ba?

Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a ba su labarin abin da tarin kuɗi a kasuwa ke jawowa. Ranar Laraba 2 ga Mayu 2012 'yan bindiga suka far wa wannan kasuwa ta Potiskum, suka cinna mata wuta, fiye da mutum talatin suka rasa rayukansu, ban da dabbobi da dukiya. Allah ya jiƙansu. Duk Nairar da ta bi ta waya, Naira ce da ba za a tare hanya dominta ba.

Na biyu, ɗan ci-rani ya huta. A da sai ka jira mai tafiya gida, kuɗin maganin mahaifiyarka su yi mako a hanya, wani lokaci su iso da giɓi. Yau ka tura da hantsi, kafin azahar ƙanenka ya karɓa wurin mai POS ya sayo magani. Na uku, farashi ya daina zama sirri. Manomin da ke da buhun wake goma yana iya buga waya Mile 12 ya ji yadda ake sayarwa kafin ya sallama wa ɗan sari. Na huɗu, matan aure da ke cikin gida suna sayar da turaren wuta da atamfa da yaji ta waya, suna samun na kansu ba tare da sun ɗora wa yarinya talla ba.

ABIN DA MUKE NEMAN RASAWA

To, ga inda gizo ke saƙa. A tsohon tsari, tsakaninka da wanda ba ka sani ba akwai mutumin da ka sani: mai gida, ko fatoma, ko dillali mai turke a kara. La'adar da kake ba shi kuɗin lamuni ce. Yau matasa da yawa suna ganin wayo ne su tsallake shi su yi ciniki kai tsaye da wani mai lamba a Facebook. Sun tsira da la'ada, amma sun rasa wanda za su riƙe idan abu ya ɓaci. Hoto ba ya nuna sa mai ciwon huhu, ba ya kuma nuna buhun da aka cika ƙasansa da tsakuwa. Gani ya kori ji, in ji Hausawa, amma ganin hoto bai kori komai ba.

Ga kuma alat na ƙarya. Mutum ya sayi kaya, ya nuna maka saƙo a waya cewa kuɗi sun shiga, ka sake masa kaya, sai da yamma ka duba ka ga wayam. Ga masu bugo waya su ce daga banki suke, za a rufe asusunka in ba ka karanto musu lambar da aka turo maka ba. Ga masu alkawarin ninka kuɗi, irin MMM da ta rufe da dukiyar jama'a a watan Disamba na 2016, da CBEX da ta bi sahunta a watan Afrilu na 2025. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Babu kasuwar da ke ninka kuɗi a wata guda, ko a Kurmi ko a Kantin Kwari.

Akwai kuma wata matsala da ta fi shafar dattawanmu. Makiyayin da bai iya karatun boko ba, idan aka ce za a biya shi ta waya, sai ya ba da lambar asusun wani yaro ko ta mai POS. Daga wannan lokaci dukiyarsa tana hannun wani, ba takarda, ba shaida. Mafi yawan masu POS mutanen kirki ne masu neman halaliyarsu, amma ba daidai ba ne kuɗin garken mutum su kwana da sunan wani.

Sa'an nan kada mu manta, duk wannan gini a kan turakun sadarwa da wutar lantarki yake tsaye. A watan Satumba na 2012 an ƙona turakun waya a garuruwan Arewa da dama, har da na wannan yanki. A watan Mayu na 2013, da aka kafa dokar ta-ɓaci a Barno da Yobe da Adamawa, an katse layukan waya gaba ɗaya, Yobe ta yi kimanin wata biyu ba a jin kowa. A lokacin cinikinmu bai rataya a kan waya kamar yau ba. Idan irin haka ta sake faruwa, Allah ya kiyaye, kasuwa ce za ta tsaya cik. Ko a yanzu ma bankunan wannan yanki a cikin garin Potiskum suka taru, saboda haka mutumin ƙauye da kuɗinsa suka maƙale a hanya sai ya biya kuɗin mota, ya bar gonarsa, ya zo ya bi layi.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi ci mini rai. Mu ne da shanu, mu ne da wake da gero da riɗi da albasa, amma manyan kamfanonin da ke riƙe da wannan sabuwar hanya, masu cin ɗan kaso a kan kowane ciniki, kusan dukansu a Ikko suke da hedkwata. Ba na ganin laifinsu, sun yi karatu sun yi aiki. Laifin namu ne idan muka yarda mu tsaya a matsayin masu danna waya kurum, alhali kuwa yaranmu suna kammala makaranta suna zaune a gindin bishiya.

MAFITA

Masu cewa a koma ga tsabar kuɗi zalla, ina girmama su, amma in kiɗa ya canza dole rawa ta canza. Mahaucin Oko-Oba da ɗan sarin Bodija sun riga sun saba da tiransifa, ba za su koma ɗaukar jaka ba saboda mu. Abin yi shi ne mu ɗauko tsohon lamuninmu mu shigar da shi cikin sabuwar hanya. Ga shawarwarina.

Na ɗaya, ga kowane ɗayanmu. Buɗe asusu da sunanka, da BVN ɗinka, ko da ba ka iya karatu ba. Kada ka saki kaya saboda saƙon da aka nuna maka a wayar wani, duba abin da ke cikin asusunka da kanka, ko ka sa ɗanka ya duba a gabanka. Lambar sirri kamar makullin rumbu ce, ba a ba baƙo, kuma babu bankin da zai bugo ya tambaye ka ita. Idan wayarka ta ɓace, ka rufe layin da asusun a ranar, kada ka bari sai gobe.

Na biyu, kada ka share saƙonnin ciniki. Tun 2011 dokar shaida ta ƙasar nan ta yarda kotu ta karɓi bayanin da ya fito daga na'ura, in an cika sharuɗɗa. Saboda haka bayan kun gama magana da baki, ka sa abokin cinikinka ya rubuto ko ya yi saƙon murya: kaya kaza, farashi kaza, za a biya ranar kaza, wane ne zai ɗauki asara idan mota ta faɗi. Ka tura wa mutum biyu su zama shaidu. Wannan shi ne rubutu da shaidar da aka umarce mu da su tun farko. Idan kuɗinka suka maƙale, ka fara kai kuka bankinka a rubuce, in ba su warware ba Babban Banki yana da sashen sauraron irin wannan ƙara.

Na uku, ga sarakunan Hausawa na Kudu da shugabannin kara da ƙungiyoyin 'yan kasuwa. Ku ne magadan masu gidan da. Ku buɗe rajistar amintattun dillalai, da sunayensu da lambobinsu da asusunsu, a Potiskum da Agege da Akinyele da Lokpanta, yadda mai saye zai bugo ya tabbatar kafin ya tura ko kwabo. Ku kafa asusun ƙungiya da zai riƙe kuɗin mai saye har kaya su sauka lafiya, sa'an nan a sakar wa mai kaya. Manyan kasuwannin intanet na duniya da wannan dabara suka samu yardar jama'a, mu kuwa mun gaje ta. Wanda ya ci amana a sanar da sunansa a dukan kasuwanni, kamar yadda ake yi a da.

Na huɗu, ga Gwamnatin Jihar Yobe da Ƙaramar Hukumar Nangere da masarautun Tikau da Fika da Potiskum. A matsa wa kamfanonin waya su kai turaku ƙauyukan da har yanzu sai an hau tudu ake samun layi. A sa fitilu da wurin cajin waya masu aiki da hasken rana a kasuwannin mako. A nemi bankuna su ajiye ma'aikaci a kara ranar kasuwa don warware matsala nan take. A shigar da darasin amfani da asusu cikin ajin yaƙi da jahilci, da Hausa da Karekare da Ngizim da Bolanci da Fulatanci, a kuma yi ta nanata shi a rediyo.

Na biyar, ga matasanmu masu takardar sakandare da difloma. Ga aiki nan a ƙofar gidanku. Dattijon da ke da shanu ɗari yana bukatar magatakarda mai amana da zai riƙe masa lissafi. Ƙungiyar manoman wake tana bukatar wanda zai ɗauki hoton kaya, ya auna, ya nemo masu saye a Kudu. Masu tirela suna bukatar wanda zai haɗa su da lodi don kada mota ta dawo wayam. Wanda ya fara da wannan da gaskiya, gobe shi ne mai kamfani.

'Yan'uwa, ku da ke Kudu ku ne gadar da ta haɗa gonar Nangere da tukunyar Ikko. Kun fi na gida ganin yadda abin ke tafiya, saboda haka nauyin wayar da kai yana wuyanku. In kun tashi zuwa gida da Sallah ko da damina, ku zauna da iyaye da ƙanne ku nuna musu yadda ake duba asusu, ku raka su su buɗe nasu, ku ja musu kunne a kan lambar sirri. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare mu daga hannun macuta, ya mai da kowa gida lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.